Lantarki Daga Mahaɗar Ruwan Daɗi da Ruwan Teku

A arewacin ƙasar Holan akwai wata doguwar madatsa mai suna Afsluitdijk, tsawonta kilomita 32, an kammala ta a 1932. Ta gefe guda tekun Wadden ne da gishirinsa, ta ɗaya gefen kuma tafkin IJsselmeer mai ruwan daɗi. A kan wannan madatsa ne Sarki Willem-Alexander ya buɗe tashar gwaji ta kamfanin REDstack a watan Nuwamba na 2014. Tashar ba ta shan mai, ba ta jiran iska ko rana. Bambancin gishirin ruwan nan biyu shi ne makamashinta.

Idan gishiri ya narke a ruwa yakan rabu gida biyu: ƙwayoyin sodiyom masu cajin tarawa da na kulorayid masu cajin ragewa, irin alamomin nan biyu da ke jikin batir. Ɗabi'arsu ce su bar inda suka cunkushe su nufi inda babu 'yan'uwansu. Wannan ɗabi'a injiniyoyi suka ɗana wa tarko. Sukan jera ɗaruruwan siraran tantani daf da juna, ruwan teku ya bi ta wannan tsakani, ruwan daɗi ya bi ta na gaba. Wani tantanin sodiyom kaɗai yake bari ya ratsa, na kusa da shi kuma kulorayid kaɗai. Sai caji ɗaya ya yi gabas, ɗayan ya yi yamma, fayafayan lantarki da ke ƙarshen jerin kuma su mayar da wannan tafiya wutar da ke bin waya. Ƙarfin tantani guda bai taka kara ya karya ba, shi ya sa ake tara su da yawa.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun a 1954 Baturen Ingila R. E. Pattle ya bayyana shi. Masana sun ƙiyasta cewa kogin da ke shiga teku yana zubar da ƙarfin da ya kai na ruwan da ya faɗo daga tsayin fiye da mita 200, dare da rana, babu hayaƙi.

To me ya hana duniya rungumar abin? Tantanin ne. Yana da tsada, ga laka da gansakuka da ƙananan halittun ruwa suna toshe shi, famfunan tura ruwa kuma suna cinye wani kaso na wutar. Tashar Afsluitdijk kilowat 50 kawai aka tsara mata. A Norwe ma, kamfanin Statkraft ya buɗe tashar gwaji a Tofte a 2009 da wata dabarar ta matsin ruwa, amma a 2013 ya sanar da janye hannunsa saboda lissafin bai fita ba.

Wasu sun zaɓi kauce wa tantanin baki ɗaya. A Jami'ar Stanford ta Amurka an ƙera batir da ake cika shi da ruwan daɗi, a zubar, a cika da na teku, fayafayansa suna sakin gishiri suna sake kama shi, wuta na fita. A 2019 sun ba da rahoton gwada shi da tataccen ruwan dagwalon birnin Palo Alto.

A yau wannan wuta ba ta iya gogayya da faifan sola wajen araha. Amma ba ta ɗaukewa idan rana ta faɗi, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da gwamnatocin ƙasashen bakin teku za su ci gaba da zuba kuɗi a bincikenta.