Daga ganyen sabara zuwa shafin mujalla: yadda ake shirya binciken magani har duniya ta yarda da shi

A watan Afrilun 2020, lokacin da cutar korona ta rufe iyakoki da makarantu, shugaban Madagaska Andry Rajoelina ya fito gaban ƴan jarida ya kurɓi wani jiƙo mai suna Covid-Organics, wanda aka haɗa da ganyen tazargade. Ƙasashen Afirka da dama sun karɓi kwalayensa, har da Nijar. Sai dai a lokacin babu wata mujallar kimiyya da ta wallafa sakamakon gwajinsa a kan marasa lafiya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara gwada shi bisa ƙa'ida. Yau ba a cika jin labarinsa ba.

Daga irin wannan ganyen ne masaniyar ƙasar Sin Tu Youyou ta fitar da sinadarin artemisinin, wanda ya zama ginshiƙin magungunan zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a asibitocinmu, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Abin da ya raba labaran biyu shi ne hujja a rubuce, wadda wasu masana suka tantance, wasu kuma suka maimaita gwajin suka ga haka ne.

Wannan batu ya shafi matasan Nijar kai tsaye. Kowace shekara ɗalibai a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, da ta André Salifou a Damagaram, suna kare kundi a gaban malamai, wasu a kan sabara, bagaruwa, marke ko aduwa. Idan kundin ya tsaya a kabad, likitan da ke Tawa ba zai san da shi ba, balle mai bincike a Dakar. Ga kuma batun aiki: hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968 kuma mazauninta yake Wagadugu, tana duba maƙalun da malami ya wallafa kafin ta amince da ƙarin matsayinsa.

Ana fara shirin tun a daji

Yawancin abubuwan da ke sa a ƙi maƙala sun faru ne tun kafin a rubuta layin farko. Tambayar da edita ke yi wa kansa ita ce: idan wani a Bamako ko Zariya ya bi abin da aka rubuta, zai samu irin wannan sakamakon?

Don haka sunan Hausa kaɗai bai isa ba, domin suna ɗaya kan iya nufin itace biyu a garuruwa biyu. Ana so masanin tsirrai ya tabbatar da sunan kimiyya, a busar da samfur a ajiye a ɗakin adana tsirrai, a ba shi lamba, lambar ta fito a cikin maƙala. Sabara ita ce Guiera senegalensis, aduwa kuma Balanites aegyptiaca. Sunayen ma suna canzawa: bagaruwa da aka daɗe ana kira Acacia nilotica yanzu ana rubuta ta Vachellia nilotica. Sai a faɗi inda aka tsinko, da watan, da sashen da aka yi aiki da shi, ganye ne ko saiwa ko ɓawo, da abin da aka jiƙa shi a ciki, da tsawon lokacin.

Idan a kan ɓeraye aka yi gwajin, manyan mujallu irin British Journal of Pharmacology suna bin ƙa'idojin ARRIVE, waɗanda suka fito a 2010 aka sabunta su a 2020. Suna son a faɗi yawan dabbobin, jinsinsu da nauyinsu, yadda aka rarraba su rukuni-rukuni ba tare da zaɓe ba, da miligiram nawa aka ba kowace bisa kilon nauyinta. Dole a samu rukunin da ba a ba maganin ba, da rukunin da aka ba sanannen magani, don a kwatanta. Gwajin awo ɗaya tak ba ya gamsar da kowa, domin ba ya nuna ko ƙarin magani yana kawo ƙarin tasiri.

Izini kafin gwaji

A kan ɗan Adam lamarin ya fi tsanani, kuma ƙasar Hausa ta san dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a wani gwaji da ya haɗa yara kimanin 200, 11 daga ciki suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma daga baya ta bayyana cewa takardar izinin kwamitin ɗa'a an rubuta ta ne bayan gwajin, aka sa mata tsohon kwanan wata.

Mujalla ta gari tana neman lambar izinin kwamitin ɗa'a, da bayanin yadda marasa lafiya ko iyayensu suka amince bayan an fahimtar da su da harshen da suke ji. Tushen wannan shi ne Sanarwar Helsinki ta 1964. Tun 2005 kuma editocin manyan mujallun likitanci suka sharɗanta a yi wa gwaji rajista a bainar jama'a kafin a ɗauki mutum na farko, kuma Afirka tana da nata kundin rajistar mai suna PACTR. Wanda ya tsallake wannan mataki ba shi da hanyar gyara shi bayan an gama.

Tsarin rubutun

Kowace mujalla tana da shafin umarni ga marubuta, kuma karanta shi tun farko ya fi komai sauƙaƙa wahala. Tsarin da aka saba shi ne take, tsakure, gabatarwa, kayan aiki da hanyoyin gwaji, sakamako, tattaunawa, sannan manazarta. Journal of Ethnopharmacology, wadda take fitowa tun 1979 kuma ta ƙware a kan magungunan gargajiya, tana so tsakure ya fara da bayyana yadda al'umma ke amfani da tsiron.

Wurin da matasa suka fi zamewa shi ne kammalawa. Jiƙon da ya kashe ƙwayar cuta a kwalbar gwaji bai zama magani ba tukuna, wanda ya sauke sukarin ɓera kuma bai warkar da mai ciwon suga ba. Masu tantancewa suna saurin gane wuce gona da iri.

Akwai kuma rigimar sunaye. Ƙa'idar editoci ita ce marubuci shi ne wanda ya ba da gudummawa ta haƙiƙa, ya sa hannu a rubutu ko gyara, ya amince da kwafin ƙarshe, kuma ya yarda a tuhume shi a kan aikin. Girman muƙami ba ya cikin sharuɗɗan. Gara a zauna a tsara jerin sunayen tun kafin a fara. Mai maganin gargajiyar da ya nuna itacen shi ma yana da haƙƙin a ambace shi da yardarsa. Manhajar basirar na'ura ba ta zama marubuciya, kuma wanda ya yi amfani da ita ana so ya faɗa.

Ga wanda ya yi karatu da Faransanci, Ingilishi wani shinge ne, tunda da shi manyan mujallun fannin ke fitowa. A nan ƴan uwa da ke karatu ko koyarwa a Najeriya, Gana, Indiya ko Amurka suna da rawar takawa wajen duba rubutu. Akwai kuma mujallar CAMES ta magungunan gargajiyar Afirka, wadda ke karɓar Faransanci.

Hattara da mujallun ci da ceto

Wasu mujallun ana biyansu don kowa ya karanta maƙala kyauta, kuma kuɗin kan kai dala dubu biyu ko uku, wato sama da miliyan ɗaya na sefa. Ƴan damfara sun ga kasuwa a nan. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya ƙirƙiro wata maƙalar bogi a kan wani sinadari da wai yake hana ƙwayoyin sankara girma, ya cika ta da kurakurai da gangan. Ya sa mata sunayen marubuta da cibiyoyin Afirka na ƙarya, ya juya ta da na'ura zuwa Faransanci ya sake dawo da ita Ingilishi. Mujallu 304 ya aika wa, 157 suka karɓa. Mujallar Science ce ta wallafa rahoton.

Alamomin irin waɗannan mujallu sanannu ne: saƙon imel mai zaƙin baki, alƙawarin wallafawa cikin ƴan kwanaki, da kuɗin da ba a faɗa sai bayan an karɓa. Kafin a aika, a duba ko sunan mujallar yana cikin DOAJ, PubMed ko Scopus. Maƙalar da ta faɗa hannunsu ta salwanta, domin ba a wallafa aiki ɗaya sau biyu.

Rashin kuɗi ba dalilin faɗawa tarkon ba ne. Mujallu da yawa ba sa karɓar ko dala daga marubuci, wasu kuma suna yafe wa masu bincike na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi idan suka nema tun lokacin aikawa. Shirin Hinari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002 yana ba jami'o'i da asibitocin irin waɗannan ƙasashe damar karanta dubban mujallu.

Bayan an aika

Ana aikawa ta shafin mujallar, tare da gajeriyar wasiƙar rakiya mai faɗin abin da aikin ya ƙara a kan abin da aka sani, da bayanin wanda ya ba da kuɗin binciken. Ba a aika maƙala ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda. Idan edita ya ga ta cancanta, sai ya miƙa ta ga masana biyu ko uku, amsa kuma kan ɗauki makonni ko watanni.

Dawowar maƙala da jerin gyare-gyare labari ne mai daɗi, domin ƙofa a buɗe take. A amsa kowace tambaya ɗaya bayan ɗaya, a nuna shafi da layin da aka gyara, inda ba a yarda ba kuma a kawo hujja cikin ladabi. Idan an ƙi ta ma, a yi amfani da sukar a gyara, a nemi wata mujallar.

Akwai misali a maƙwabta. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta ɗauki wani haɗin gargajiya na ciwon amosanin jini, ta gwada shi a kan marasa lafiya tare da rukunin kwatance, aka wallafa sakamakon a 2001 da sunan Niprisan. Har yau masana a ƙasashe daban-daban suna iya buɗe maƙalar su duba alƙalumanta. Ɗalibin da ke shirin fita daji neman sabara a wannan shekara, ya fara da sayen littafin rubuta bayanai, ya nemi masanin tsirrai, ya kuma kai takardarsa gaban kwamitin ɗa'a kafin ya tsinki ganye na farko.