Tsohon Keken da ke Jingine a Zauren Gidanku

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta wuce 1,000, tsofaffin kekuna suka fara fitowa daga inda aka jingine su. Nan Rabah da Wurno da Goronyo, wani a zaure aka ɗauko shi, wani a bayan rumbu, kaji sun daɗe suna kwana a kan sirdinsa. Dama tun 2021, lokacin da gwamnatin jihar Sakkwato ta ƙaƙaba dokoki kan zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka saboda matsalar tsaro, wasu manoma suka fara tunawa cewa akwai abin hawan da ba ya shan komai sai iska. Babur ne ya kori keke daga hanyoyinmu, kabu-kabu ya mamaye kowace tasha, yanzu kuma tsadar abin da babur ke sha ta sa ana lallashin keke ya dawo.

Sai dai mutum biyu ne ke zawarcin tsohon keke: mai gyara da ɗan gwangwan. Ɗan gwangwan zai ɗora shi a sikeli ya biya ka kuɗin nauyin ƙarfe, daga nan sai tukunyar narkarwa. Ni kuwa ina ganin mafi yawan kekunan da ake zubarwa haka sun fi sababbin da ke kasuwa ƙwari, kuma abin da ya kashe su bai taka kara ya karya ba.

Kafin ka yanke shawara, san abin da ke hannunka. Duba goshin keken, ƙasan kai kaɗan. Idan ka ga tambarin tagulla mai kan zalɓe, Raleigh ne, kamfanin da ya tashi a birnin Nottingham na Ingila a shekarun 1880. A zamanin da Sardauna Ahmadu Bello ya karɓi hakimcin Rabah, wato 1934, irin wannan keke a Arewa kayan malaman makaranta ne da ma'aikatan En'e da manyan fatake. Kamfanin ya yi ta tallarsa a Afirka da hoton wani mutum yana tsere wa zaki a kan keke, kuma daga baya ya buɗe masana'antar haɗa kekuna a Kano. Akwai 'yan uwansa na Ingila, Hercules da Rudge da Phillips da Humber, waɗanda a ƙarshe duk suka koma inuwa ɗaya da Raleigh. Bayansu Phoenix ya zo daga Shanghai ta ƙasar Sin, Hero da Avon kuma daga Ludhiana ta Indiya, duka a kan ƙirar Ingila suka tashi: taya inci 28, birkin sanda, gidan kaca, sirdi mai sifirin. Masana'antar Nottingham ta daina ƙera keke a 2002, a 2012 kuma wani kamfanin ƙasar Holan mai suna Accell ya saye sunan. Ma'ana, wanda ke zaurenku ba za a sake yin irinsa a can ba. Amma a kula, tambari abu ne da ake cirewa a manna wa wani keken, kuma an sha yin haka. Idan keken mai giya uku ne na Sturmey-Archer, goge cibiyar tayar baya da tsumma: za ka ga lambobi biyu na shekara da lambar wata a buge a jikin ƙarfen. Wannan shaida ta fi rantsuwar dillali.

Ga inda nake rigima da mutanenmu. Da mutum ya ɗauko tsohon keke, abin da ya fara tambaya shi ne kuɗin fenti. A fesa baƙi, a naɗe kai da leda mai launi, a kafa madubai biyu da tuntaye, a hau. Bayan mako uku feda ta fara ƙara, taya tana rawa, sai a ce ai tsoho tsoho ne. An yi kitso da ƙwarƙwata ke nan. Ran keke yana wurare huɗu da ido ba ya gani: cibiyar gaba, cibiyar baya, gindin feda da wuya. A kowane ɗaya akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe, boris, suna birgima cikin giris. Ƙurar hunturu da yashin bakin gulbi su ne abokan gābarsu. Idan suka shiga suka cakuɗe da tsohon giris, sai su zama kamar sanfefa, su yi ta cin kofin da boris ɗin ke gudu a ciki. Don haka aikin farko shi ne a kwance komai, a wanke da kananzir, a shafa yatsa cikin kowane kofi. Idan santsi ka ji, ka tsira. Idan ka ji ramuka, kofin ya tafi. Boris kuwa a zubar da tsofaffin gaba ɗaya, kada a gauraya sabo da tsoho, domin wanda ya fi girma kaɗan shi zai ɗauki nauyin duka. A gindin feda guda 11 ake sawa kowane gefe, masu kaurin rubu'in inci. Na cibiyar gaba sun fi ƙanƙanta, na wuya kuma sun fi duka ƙanƙanta da saurin ɓacewa cikin yashi, saboda haka a shimfiɗa buhu kafin a kwance.

Akwai tarkuna biyu a nan da suka lalata kekuna masu kyau da yawa. Na farko, fedar hagu da kofin dama na gindin feda, zarensu a juye yake: inda ka saba ɗaurewa nan ne kwancewarsu. Yaron da bai sani ba zai sa sifana ya haɗa da guduma har ya cinye zaren. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Raleigh na Nottingham yana da nasa ma'aunin zare, layi 26 a kowane inci, alhali galibin kayan gyaran da ke kasuwa layi 24 ne. Sabon kofi zai shiga zagaye biyu ko uku lafiya, sannan ya cije. Wanda ya matsa masa da ƙarfi ya kashe firam ɗin. Shi ya sa tsofaffin masu gyara ba sa zubar da mataccen Raleigh: suna ajiye shi a bayan rumfa suna yankar naman jikinsa suna rayar da 'yan uwansa. Idan ka ga mai gyara yana da irin wannan tarin, kai masa kekenka.

Shi firam ɗin kansa, a dube shi tun kafin a kashe ko sisi. Duba sandunan nan biyu daidai bayan wuya. Idan fenti ya yi tamoji ko ƙarfen ya ɗan kumbura a ƙasa, keken ya taɓa cin karo da gaba, kuma ba zai ƙara tafiya miƙe ba. Ɗaura zare daga ƙafar baya ta hagu, ka zagayo da shi ta wuya zuwa ƙafar baya ta dama, ka auna tazarar zaren da sandar sirdi a kowane gefe: in ba daidai suke ba, firam ya karkace. Idan kuma tsagewa ce a mahaɗa, a tuna cewa waɗannan sanduna da narkakkiyar tagulla aka haɗa su tun asali. Walda ta lantarki, irin ta masu ƙofa da taga, tana ƙona siririn bututu ta bar shi da rauni a gefen ɗinkin. A nemi mai walda ta gas wanda ya iya zuba tagulla, ko da sai an kai Achida ko cikin Sakkwato.

Ƙusar da ke riƙe hannun feda ita ma tana da ladabinta. Guda biyu ne, kowace da gefe ɗaya a fiƙe, kuma dole su kalli saɓanin juna. In ba haka ba fedojin ba za su tsaya a layi ɗaya ba, mahayi ya riƙa jin kamar ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Da guduma ake zaunar da ita, a tokare ƙasan hannun fedar da wani ƙarfe don kada bugun ya sauka a kan boris. Notin riƙewa kawai yake yi, wanda ya ce da shi zai jawo ƙusar, zai tsinke shi.

Taya ita ce ma'aunin gwanintar mai gyara. Tsohon keken Ingila yana da wayoyi 32 a gaba, 40 a baya, domin baya ke ɗaukar nauyi. Yawancin sababbin rim ramuka 36 ne da su, don haka a ƙirga kafin a saya. Birkin sanda kuma daga ƙasa yake jawo roba ta kama cikin rim, saboda haka bai isa a ce taya ba ta rawa hagu da dama ba, sai ta zama da'ira sosai. Idan tana da tudu, birki zai riƙa kamawa yana saki. Kuma gaskiya ita ce, ko an gyara shi iya gyara, birkin sanda a kan jiƙaƙƙen rim na ƙarfe ba abin dogaro ba ne. Wanda zai gangara fadama da damina da buhun taki a baya ya fara jan birki tun da nisa. Ƙaya kuwa, musamman tsidau, ba ta san Raleigh ba ta san Phoenix ba. Dabarar da na fi yarda da ita ita ce a yanke tsohon tub a shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tub. Keken zai ɗan ƙara nauyi, amma zuwa wurin mai faci zai ragu.

Sai an gama duk wannan ake maganar ado. Tsatsar da ke kan kai da rim, ruwan tsamiya ko lemun tsami da ɗan gogawa kan ɗauke ta, a wanke, a busar, a shafa mai. Fenti na asali, in da saura, ni dai na fi son a bar shi: baƙin nan mai siraran layukan zinariya ba a samun mai fesa irinsa yanzu, kuma a wurin masu neman tsofaffin kekuna shi ne rabin darajar. Sirdin fata, musamman idan Brooks ne, kada a jefar don ya bushe. A shafa masa man kaɗe kaɗan ta ƙasa, a bar shi ya sha a inuwa. Idan fatar ta yage, dukawanmu za su iya sake ta a kan tsohon ƙarfen, amma da ƙirgin sa mai kauri. Fatar jar akuyar Sakkwato, duk sunan da ta yi a duniya, ta yi laushi da wannan aiki.

Turawa ma suna wannan sana'a, amma da wata manufa. A ƙasar Italiya, a garin Gaiole, tun 1997 ake wani taro mai suna L'Eroica, inda dubban mutane ke hawa tsofaffin kekunan tsere na ƙarfe, ƙirar 1987 zuwa baya, a kan hanyoyin burji. Su burinsu keke ya koma yadda ya fito daga masana'anta, har noti. Irin waɗannan kekunan tsere masu lanƙwasasshen kai suna shigowa nan cikin kayan gwanjo. Wanda ya sami mai takardar Reynolds 531 a manne a sandar sirdi ya sami ƙarfe mai daraja, mara nauyi. Sai dai siririyar tayarsa ta kwalta ce, daga Rabah zuwa Sakkwato, ba ta hanyar gona ba. A kula da ma'auni kuma: taya inci 27 da 700C da inci 28 na tsohon Raleigh sun yi kama a ido, amma faɗin rim ɗinsu milimita 630 ne da 622 da 635, babu wadda ke shiga ta wata. Ɗalibin da zai riƙa zuwa makaranta da shi zai fi jin daɗi idan aka sa masa miƙaƙƙen kai da taya mafi kauri da firam zai ɗauka, a ajiye kayan asalin a buhu kada a zubar.

Mu namu gyaran na aiki ne, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, noman rani ya zama abin da yankin nan ke rayuwa a kai, albasa da tafarnuwa da shinkafa, kuma duk sai an ɗauko su daga gona zuwa bakin hanya. Shi ya sa ake cire kariyar kamfani a ƙera ta rodi, a ƙara tokare biyu daga kai zuwa cibiyar gaba don kada ƙafar gaba ta lanƙwashe, a sa wayoyi masu kauri a baya. Jarka huɗu ta lita 25 cike da ruwa kilo 100 ke nan, ban da mahayi, kuma tsohon firam mai lafiya yana ɗauka in ana tafiya a hankali. Roƙona ɗaya ga maƙera: a ɗaure kariyar da noti, kada a yi waldarta a jikin firam. Abin da aka ɗaure ana iya kwancewa ranar da ɗan mai keken ya so ya mayar da shi yadda kakansa ya saye shi. Dinamo kuwa, wanda ke cin gefen taya yana ba da hasken da ke mutuwa da zarar ka tsaya, fitilar caji ta riga ta yi masa ritaya, kuma ban yi kewarsa ba.

Wani abin dariya: har yau jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa ba da lasisin keke cikin ayyukan ƙananan hukumomi, tare da na kwalekwale da amalanke. Idan ka sami tsohuwar lambar lasisi a maƙale a keken gidanku, kada ka ɓamɓare ta.

Bayan an haɗa keke an hau, aikin bai ƙare ba. Sababbin wayoyi suna saki, ƙusar feda tana ƙara zama, kaca tana ɗan miƙewa. A yi mako guda ana hawa ba tare da kaya mai nauyi ba, sannan a mayar wa mai gyara ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara bugun ƙusar, ya ja tayar baya har kaca ta rage wasa kamar kaurin yatsa. Daga nan a ɗora buhun albasa.