Allurar 'Yan Mata da Maganar da Ke Yawo a Aboabo

Tun watan Oktoba na 2025, da ma'aikatan lafiya na Ghana suka shiga makarantu da allurar rigakafin HPV don 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, ƙura ba ta lafa ba a kasuwar Aboabo da ke Tamale. A rumfar masu gyaɗa ana cewa maganin hana haihuwa aka ɓoye a ciki. Wannan tsohon zance ne. An yi shi a Kano a 2003 a kan ɗigon shan inna, kuma yaran da aka ɗiga wa a lokacin su ne yau ke goye da nasu 'ya'yan. Ostireliya ta fara wannan allura tun 2007, Ruwanda a 2011, Nijeriya a 2023, haihuwa kuwa ba ta tsaya ba.

Maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya daban ce. Daga bakin wata gwaggona na ji ta, tana zaune kan tabarma tana tsince wake a faifai. "Ɗan nan," in ji ta, "jikata ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da izini. Me ya haɗa ta da allurar cutar 'yan iska?"

Na ce, "Gwaggo, ai ranar aurenta ake yi wa tanadi."

Ƙwayar HPV ta yaɗu ƙwarai, har Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa kusan duk wanda ya san kwanciyar aure zai gamu da ita wata rana. Namiji na iya ɗauke da ita ba ciwo ba alama. Matar da ba ta san kowa ba sai mijinta tana iya samu, balle a gidajenmu da ake aure a rabu a sake wani, ga kishiyoyi. Yawancin mata jikinsu kan kore ta cikin shekara biyu ba su ma sani ba. A jikin wasu kuwa takan maƙale a bakin mahaifa, musamman nau'i na 16 da na 18, waɗanda ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Bajamushe Harald zur Hausen ne ya gano haka, ya samu kyautar Nobel a 2008.

To me ya sa ake tsira wa 'yar shekara tara allura don ciwon da ke kama mai shekara arba'in? Domin ƙwayar kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 tana aiki a ɓoye. Kamar gara ce a cikin azara: daga waje itace lafiya lau, sai ranar da rufi ya rufta. Mai masara a Aboabo ya san yaushe ake sa wa buhu magani, tun kafin ya shiga sito, domin in ƙwari suka mai da hatsi gari babu maganin da zai dawo da shi. Yaɓen ɗaki ma kafin ruwan farko ake yinsa. Allurar nan ba ta korar ƙwayar da ta riga ta shiga, ƙofa take rufewa tun baƙuwar ba ta iso ba.

Iyaye mata da suka wuce shekarun allura fa? Nasu gwaji ne. Ungozomar asibiti da ta samu horo takan shafa ruwan khal a bakin mahaifa, inda ya fara lalacewa sai ya yi fari, a magance shi tun bai zama daji ba. Aikin mintuna ne.

Sai a kula, mahaifa tana da baki tana da ciki. Sankarar cikin mahaifa wata aba ce daban, allurar HPV ba ta tare ta. Ta fi kama matan da al'ada ta ɗauke musu, ƙiba da ciwon suga na ƙara haɗarinta, kuma alamarta ta farko jini ne. Sau nawa dattijuwa ke ganin jan ɗigo a zane bayan shekaru da ɗaukewar al'ada, ta ce zafi ne ko sanyi, ta jiƙa saiwa ta sha, kunya ta hana ta faɗa wa ko 'yarta? Jinin nan, da wanda ke biyo bayan kwanciyar aure, da ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, duk na zuwa asibiti ne a makon nan. Sau da yawa ba daji ba ne, amma likita ne zai tantance.

A shekara, mata kimanin 3,000 ne ke kamuwa da sankarar bakin mahaifa a Ghana, fiye da rabin wannan adadi kuma ke rasuwa, galibi don sun iso a makare. A nan nake ganin gazawar hukuma. An zo da allura da fasta, amma da an fara zama da magajiyoyin kasuwa da limaman zango cikin Dagbanci da Hausa, da jita-jita ba ta riga nas isa gida ba. Gwajin ma bai kai kowane ƙaramin asibiti ba. Matar da aka gano nata ya yi nisa a Asibitin Koyarwa na Tamale, shekara da shekaru in gashi da na'ura take buƙata sai an tura ta Komfo Anokye a Kumasi ko Korle Bu a Akra, da kuɗin mota, da masauki, da mai jinya, ga rumfarta a rufe.