Kayan Sauti Ma Suna Buƙatar Mazauni

A gidaje da dama tsakanin Jega da Aliero, magidanci kan sayi rediyo da amfilifaya da ribar albasarsa, sannan ya jibge su a ƙasa, ƙurar hunturu da danshin damina su lalata su. Alhali kafintan unguwa zai iya haɗa musu kanta mai hawa uku. A ɗaga ƙafafunta saboda gara, a bar bayanta a buɗe. Amfilifaya ya zauna a hawan ƙasa don nauyinsa, da tazarar tafin hannu a samansa, domin zafin Afrilu kan haura digiri 40. Lasifika kuwa a ajiye su gefe, kada girgizarsu ta sassauta wayoyi. Kuɗin katako ya fi zaryar wurin mai gyara sauƙi.