Ledar Jini Ɗaya Da Lissafin Fararen Ƙwayoyi

Idan gwaji ya nuna fararen ƙwayoyin jini sun hau bayan ƙarin jini, dangin majinyaci kan ɗora laifin a kan ledar da aka saka. Lissafi bai goyi bayansu ba.

Baligi mai lafiya yana da fararen ƙwayoyi 4,000 zuwa 11,000 a kowace maikirolita ta jini, jinin jikinsa kuma kusan lita 5 ne. In muka ɗauki 7,000, yana yawo da biliyan 35 ke nan. Leda ɗaya mililita 450 ce. A ce na mai bayarwa sun kai 20,000, wanda ya yi yawa ƙwarai: biliyan 9 za su shiga, su gauraya, ƙidayar mai karɓa ta tsaya wajen 8,000. Ko iyakar lafiya ta 11,000 ba ta kai ba. Ƙwayoyin cikin ledar ma ba sa daɗewa, domin nau'in da ya fi yawa a cikinsu yana mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu a firji, alhali ɓargon majinyacin yana ƙera sababbi wajen biliyan 100 kullum.

Inda ake tace jini a cire fararen ƙwayoyin ma, maganar ta ƙare. Birtaniya ta wajabta tacewa tun 1999, ƙa'idar Turai kuma ita ce fararen ƙwayoyin da suka rage su zama ƙasa da miliyan 1 a leda. Sankarar jini fa, ko tana iya bin leda ta kama mai karɓa? Wani bincike na 2007 a Suwidin da Denmak, kan masu karɓa fiye da 350,000, bai ga ƙarin haɗarin sankara ba ga waɗanda masu ba su jini suka kamu da ita daga baya.

Haɗarin fararen ƙwayoyin mai bayarwa yana wani wuri. Suna jawo zazzaɓi da rawar ɗari. A wasu lokuta ƙalilan kuma sukan afka wa jikin mai karɓa, fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda abin ya sama ba sa tsira, kuma ya fi faruwa da jinin ɗan'uwa na jini. Wannan ya shafe mu, tunda asibitocinmu sun dogara da jinin dangi.

Hauhawar ƙidaya galibi saƙo ne daga jikin majinyacin kansa: ƙwayoyin cuta, tiyata, zubar jini, ko sikila, wadda masu ita kan zauna da ƙidaya mai yawa. A daina tuhumar leda, a tambayi likita ko akwai ƙwayar cutar da ba a gano ba.