Masu aikin ɓoye a ƙwaryar kindirmo

Bafulatanar da ta sauke ƙwarya a kasuwar 'Yar Kutungu da ke Katsina ta san sirrin sana'arta: ta tafasa madara, ta bari ta huce, ta zuba ɗan ragowar kindirmon jiya, ta rufe da faifai. Kafin gari ya waye madara ta kama. Masu wannan aiki ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani. Su ke cinye sukarin madara su mai da shi tsami, tsamin ya sa ta yi kauri, ya kuma takura wa ƙwayoyin cuta da yawa.

A 1905 wani ɗalibi ɗan Bulgeriya, Stamen Grigorov, ya gano ɗaya daga cikinsu a madarar ƙasarsu, har yau sunan ƙasar na maƙale da ita: bulgaricus. A da da siffa da irin abin da ƙwaya ke ci ake rarrabe su, shi ya sa aka yi ta cusa bare cikin dangin da ba nasa ba. Yanzu ƙwayar gado ake karantawa. In kamannin sabuwa da 'yar'uwarta mafi kusa bai kai kashi 95 cikin 100 ba, ana iya cewa jinsi ne dabam. Ko a nan ba a gama ba. Sai an ajiye samfurinta a rumbunan adana ƙwayoyi na ƙasashe biyu, an wallafa bayaninta, kafin a amince da sunan.

Karanta ƙwayar gado ne ya sa a 2020 masana suka raba babban gidan waɗannan ƙwayoyi, Lactobacillus, mai jinsi sama da 250, zuwa gida 25. Fermentum da plantarum, waɗanda aka sha samu a nonon Arewa, duk sun sauya gida.

Abin takaici, masu yogot na zamani galibi irin da aka ƙullo daga Turai suke saye, alhali namu, wanda ya saba da zafin Katsina, yana yawo a kan talla. Kowace ruga da ɗanɗanon nononta, kuma ba banza ba. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua na da sashen nazarin ƙananan halittu. A ba ɗalibanta kayan aiki su bi rugage su tattaro, su tantance, su adana, tun madarar gari ba ta kore nonon ƙwarya ba.