Kafin Ka Ɗauko Tsohuwar Fijon Gida Zuwa Kurmi

Shekara 11 motar mahaifinmu ta yi a fake ƙarƙashin rumfar kwano a gidanmu na Dapchi. Peugeot 504 ce, wadda kowa ya sani da Fijo, ruwan madara, mai lamba da ke farawa da BO, don an yi mata rajista tun kafin a cire Yobe daga Borno a 1991. Kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin saka ƙwai. Da Allah ya yi wa Baba rasuwa aka zo rabon gado, wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo daga Gashua ya taya ta a kilo. Ranar na ce ni ina so.

Yau tana nan Agege tare da ni, kuma da wuya in tsaya a gidan mai ko ƙofar masallaci wani bai tare ni ba. Ɗaya ya ce akwai irinta a gidansu a Nguru, wani ya ce ta kawunsa na nan a Haɗeja ana shanya a kanta, ya za a yi ya tayar da ita? Ga amsar da nake ba su a tsaitsaye, yau na zauna na rubuta.

A Turai da Amurka riƙe tsofaffin motocin tsere sana'a ce mai ƙungiyoyi da gwanjo. Mu nan ƙofar shigo da su a rufe take. Dokar kwastan ta hana shigo da motar hannu da ta wuce shekara 12 da ƙerawa, kuma tun farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, har da hanyar Kwatano da muka saba. Saboda haka tsohuwar motar da za ka iya mallaka hankali kwance ita ce wadda take cikin ƙasar nan tuntuni. Mafi yawansu kuwa Fijo ne da Marsandi.

Kada kuma ka raina 504 don ka saba ganinta a tasha an ɗaure mata akuya a but. Ta fito a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Ita ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, direba Ove Andersson, ta sake cinye shi a 1978 da samfurinta mai ƙofa biyu da injin silinda 6, a hannun Jean-Pierre Nicolas. Tseren nan cikin laka da ƙura da ramuka ake yinsa, wato irin hanyoyin da iyayenmu suka sha bi daga Gashua zuwa ƙauyuka. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975. Bayan kisan Janar Murtala a 13 ga Fabrairu 1976 cikin Marsandinsa, wadda har gobe tana gidan tarihi na Onikan ga mai son gani, gwamnatin Obasanjo ta koma tsarin rage almubazzaranci, 504 ta zama motar jami'an gwamnati. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba sama da shekara 20 bayan nan. Shi ya sa har yau ake samun kayanta.

To, me ya sa sai ta gida? Tsatsa. Inji ana sauke shi a gyara, giya ana canzawa, kujera ana ɗinkewa, amma jikin da tsatsa ta cinye daga ciki sai dai a yi ta faci har ka gaji. A Ikko da Fatakwal iska ɗauke take da danshi, kusa da teku har da gishiri, ga ruwan da ke kwanciya a titi. Fijon da ta yi shekara 30 a nan galibi fenti ne kawai ke riƙe da ita. A Dapchi da Gashua da Nguru damina wata 3 ce zuwa 4, sauran shekara busasshiyar iska. Da muka ɗaga shimfiɗar ƙasan motar Baba, ƙarfen na nan da fentin kamfani.

Amma ba kowace motar arewa ba ce lafiyayya, a nan mutane ke yaudarar kansu. Tambayi tarihinta. Wadda ta yi dakon kanwa ko gishiri ko takin zamani, ɗaga shimfiɗar but ka duba, don waɗannan sun fi ruwan teku cin ƙarfe. Wadda ta zauna a bakin fadama, ko ruwa ya shiga gidan da take lokacin ambaliya irin ta 2022 a Gashua, za ka ga busasshiyar laka a bayan dashbod da ƙarƙashin kujeru. Duba gindin ƙofofi, da kewayen gilashin gaba, da wurin da kan shokzoba na gaba ya kama jiki a cikin bonet. Ka tafi da ɗan mayen ƙarfe a aljihu, ka riƙa mannawa a jikinta. Inda ya ƙi kamawa, ƙullin cike lamba ne aka shafe aka bi da fenti. Abin da arewa ke lalatawa daban ne: rana ta farfasa dashbod, duk wata roba ta bushe ta tsage, yashi ya shiga ko'ina, ɓeraye su yi walima da wayoyi. Waɗannan duk kuɗi ne, amma suna da magani.

Sai maganar da ta fi inji wahala, wato gado. Mota dukiyar mamaci ce kamar gona da gida, kowane magaji yana da haƙƙi a cikinta, mata da maza. Cewa kai kaɗai ka damu da ita ba ya mallaka maka ita. Da na ce ina so, babban wanmu ya dube ni ya ce, "Kai da ke Ikko, me za ka yi da wannan gwangwanin?" Na ce, "Yaya, a yi mata kuɗi kawai, a cire a rabona." Aka kira mutum biyu da suka san mota suka yi mata ƙima a gaban malamin da ya raba gadon, aka rubuta, kowa ya sa hannu, har ƙannenmu mata da ke gidajen aure. A lokacin na ga kamar an tsawaita abu. Bayan shekara biyu, da hotonta ya je gida tana sheƙi, sai ga wani ɗan uwa yana cewa ai motar gida ce, an ba ni aro ne. Takardar nan ce ta kashe maganar, zumunci kuma bai taɓu ba.

Daga nan sai takardun hukuma. Nemo duk abin da ya rage na asali, rasit ɗin saye, tsohon lasin, komai yagewarsa. Gwada lambar shasi da lambar inji da ke jikin motar da waɗanda ke takarda, harafi da harafi. In an taɓa canza inji, a samu shaidar sayensa. Za ka buƙaci takardar rantsuwa ta kotu da rahoton 'yan sanda don sauya sunan mai mota, sannan sabuwar lamba, don tsohuwar ba ta aiki yanzu. Ni na cire BO ɗin na rataye a ɗaki. Inshorar dole ta ƙaramar mota ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023. A Jihar Legas kuma, tun 2022 sai an kai mota cibiyar gwaji an duba birki da fitilu da sauransu kafin a ba ta shaidar cancantar hawa titi. Kada ka bari wani ya ce zai kawo maka takarda har gida ba tare da an ga motar ba. Mai tsohuwar mota da hula a kansa, ka san ba a rasa mai tsayar da shi.

Kuskurena na farko a Dapchi na yi shi, da hannuna. Zumuɗi ya sa na aro batir, na zuba fetur galan ɗaya a kan wanda ya shekara 11 a tanki, na murza makulli. Ta yi tari sau biyu, ta tashi, unguwa ta ɗauki sowa, bayan minti biyar ta mutu. Tsohon man da ya zama kamar ƙaro ya toshe kafireta, dattin tanki ya bi bututu, tiyon lagireto ya fashe. Abin da ya kamata shi ne a sauke tanki a wanke, a juye baƙin mai a sa sabo da sabuwar matata, a cire fulogi a ɗiga mai kaɗan a kowace silinda, a bar shi ya kwana, a juya injin da hannu a tabbatar bai kafe ba. Sannan a canza tiyo da bel da man birki. Taya kuwa ko zanenta bai goge ba, jefar da ita. Akwai lamba 4 a gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta.

Kada ka ce za ka tuƙo ta zuwa kurmi. Daga Dapchi zuwa Ikko ya haura kilomita 1,000 nesa ba kusa ba, motar da ta yi shekaru tana barci ba ta wannan tafiya a farkon tashinta. Ni a bayan babbar mota na ɗoro ta, na ba direban kwafin takardu saboda shingayen hanya.

Kayan gyara a nan muka fi na gida sa'a. Akwai Ladipo a Mushin, da Gate a Badun, da Nkpor kusa da Anacha. In ka je gida kuma ga Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Kayan inji da birki da kuloc ba sa wuya. Masu wuya su ne ƙananan kayan ado: fitilar baya ta asali, hannun ƙofa, zakin gaba, ƙarfen da ya zagaye gilashi. Duk abin da aka cire daga motarka, ko ya lalace, karɓe shi ka ajiye. Wani bakanike da na fara kai wa ya cire mini kafiretar asali ya sa wata sabuwa mai arha, ya ce tsohuwar ta mutu. Da na dawo nema, wai yara sun zubar. Na yi wata huɗu kafin na samu irinta. Nemi dattijon da ya koyi aiki a kan Fijo, wanda ke saita inji da kunne. Yaran yanzu gwanaye ne a motar kwamfuta, amma da yawansu ba su taɓa saita kwantak ba. Nawa wani tsoho ne Bayarabe, ina ce masa Baba, shi kuma yana ce mini Alhaji tun ban je ba.

Lissafi kuwa, abin da na kashe a shekarar farko ya ninka kuɗin da aka yi mata a gado sau 3, ban kuma taɓa fenti ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, injin lita 2 mai kafireta ba abin shiga cunkoson Oshodi ba ne kullum, ga shi ba ta son tsayuwa, allurar zafi sai ta fara hawa. Ina fita da ita Juma'a da safiyar Lahadi, sauran kwanaki ina bin bas kamar kowa. Wanda ke neman motar kai yara makaranta ya nemi wata.

Damina ta farko a Agege na ga ɗigon tsatsa a gindin ƙofar baya, abin da shekara 30 da wani abu a Yobe ba su yi mata ba. Laifina ne, na lulluɓe ta da tamfol har ƙasa, danshi ya rasa hanyar fita. Yanzu tana ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗen gefe, a kan siminti. An feshe mata ƙasa da maganin tsatsa, kuma duk bayan ruwa nakan tsokane ƙananan ramukan da ke gindin ƙofofi don ruwan da ya shiga ya tsiyaye. Baba bakanike na ta matsa mini in sake mata fenti, ni kuma ina ta ja masa rai, don akwai wata 'yar lamba a ƙofar direba da mahaifina ya yi da amalanken shanu a kasuwar Bayamari, ina zaune a gefensa ranar.